Sarki Abdullahi Bayero da darasin Yadakunya: Wa ke ɗaukar nauyin doguwar jinya?

A ƙaramar hukumar Ungogo, cikin gonakin da suka yi wa birnin Kano ƙawanya ta arewa, akwai wani asibiti da jama'a suka fi sani da Asibitin Bela. Sunansa na asali Yadakunya, kuma sunan kansa kira ne ga mutumin da aka gina wurin dominsa, cewa ya yar da kunya ya fito neman magani. An kafa shi ne domin masu cutar kuturta, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda Kanawa ke kira Sarki Alhaji.

Idan ana lissafa ayyukan wannan sarki, akan ambaci ruwan famfo da wutar lantarki da makarantar shari'a da babban masallacin Juma'a. Ba kasafai ake tuna Yadakunya ba. Alhali a nan ne mulkinsa ya gamu da tambayar da har gobe take gaban masu riƙe da Kano: wa zai ɗauki nauyin talakan da ciwonsa zai kai shekara da shekaru, wanda zai buƙaci magani da abinci da kulawa bana da baɗi da baɗin-baɗaɗa?

Ɗan sarki a zamanin juyin mulki

An haifi Abdullahi Bayero a Kano a shekarar 1881, a ƙarshen zamanin kakansa Sarki Abdullahi Maje Karofi. Mahaifinsa shi ne Muhammadu Abbas, ɗaya daga cikin 'ya'yan Maje Karofi. Ya yi karatun allo da na littattafai a hannun malaman fada, kamar yadda ake yi wa 'ya'yan gidan Dabo. Yana da kimanin shekara 12 Yaƙin Basasa ya ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, ɓangaren da mahaifinsa yake ciki. Yusufawa suka yi rinjaye, Aliyu Babba ya hau gadon sarauta, Abbas kuma ya zama Wambai.

A watan Fabrairun 1903 sojojin Turawan Ingila suka shiga Kano, a lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Wambai Abbas ne ya jagoranci jama'ar da suka komo gida, Gwamna Lugga kuma ya naɗa shi sarki. Ke nan tun bai kai shekara 25 ba, Abdullahi ya ga mulkin Kano ya juya har sau biyu, na farko da takobin 'yan uwa, na biyu da bindigar baƙi. Mahaifinsa ya naɗa shi Ciroma.

Turawa sun zo da sabon tsari na gundumomi, suka fitar da hakimai daga birni domin kowa ya zauna cikin ƙasar da yake mulka. Aka damƙa wa Ciroma Abdullahi gundumomin kewayen birni, ya fara zama a Dawakin Kudu, sannan a 1914 ya koma Fanisau, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Ungogo, wato ƙasar da Yadakunya take. Daga baya aka mayar da shi Bichi, inda ya yi hakimci har sarautar Kano ta zo masa.

Ƙasar da ba ta da ragowar hannu

Ƙasar da Ciroma ya riƙe tana cikin mafi cunkoson karkara a duk Afirka ta Yamma. Daga bakin ganuwa har tafiyar yini guda, gona ce ke jingine da gona, gida na hangen gida. Ba a barin ƙasa ta huta. Abin da ke riƙe ta shi ne taki, wanda jakuna ke kwasowa daga birni da turakun gidaje a kai gonaki da rani. Ana shuka gero da dawa da wake a gona ɗaya, ƙarƙashin ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo, waɗanda kowannensu yana da mai shi. Da rani kuma maza su koma saƙa da rini da jima da fatauci.

A irin wannan rayuwa, jarin gida shi ne hannuwan da ke cikinsa. Gandu yana tafiya ne da lissafin masu iya riƙe fartanya, kuma damina gajeriya ce, wata huɗu zuwa biyar. Magidancin da ya kwanta lokacin noman fari ya yi asarar abincin shekara. Wanda ciwo ya riƙe shi shekara uku kuwa, abin da ke biyo baya sananne ne: a sayar da akuya, a sayar da jaki, a ba da jinginar gona, daga nan sai bara.

Ciroma yana wannan ƙasa jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, aka koma biyan haraji da kuɗin Turawa. Yana nan aka yi yunwar 1914 da ake kira Kakalaba, wadda ta hallaka dubban mutane a arewacin ƙasar Kano, sannan annobar mura ta 1918 ta biyo baya. Irin waɗannan masifu suna zuwa da ƙarfi, hukuma ta ruɗe, a yi abin da za a iya, su wuce. Amma akwai wata cuta da ba ta da shekarar da za a sa mata suna, domin kullum tana nan, a kasuwa da ƙofar masallaci da bakin hanya.

Kuturta da abin da aka ɗauke ta

Ƙwayar cutar da ke haddasa kuturta, wani likitan ƙasar Norway mai suna Gerhard Armauer Hansen ne ya gano ta a 1873. Ƙwaya ce mai nawar hayayyafa. Takan ɗauki kimanin shekara biyar a jiki kafin alama ta bayyana, wani lokaci har shekara 20. Tana yaɗuwa ta numfashi bayan doguwar cuɗanya da wanda bai sha magani ba, kuma kusan kashi 95 cikin 100 na mutane jikinsu yana da kariya daga gare ta. Alamar farko wani tabo ne a fata, mai haske fiye da sauran jiki, wanda ba ya jin taɓi. Daga nan sai ta kama jijiyoyin hannu da ƙafa da fuska.

Mutuwar jijiya ita ce tushen nakasar. Wanda hannunsa ba ya jin zafi zai ɗauki tukunya daga kan murhu bai san ya ƙone ba. Wanda tafin ƙafarsa ya mutu zai taka ƙaya a gona ya wuni yana noma a kanta. Rauni ya zama gyambo, gyambo ya ci ƙashi, yatsu su gajarce a hankali. Manomi mai tafiya ba takalmi da matar da ke girki da itace su ne cutar ta fi yi wa ɓarna.

A ƙasar Hausa an daɗe ana danganta kuturta da gado, ko da haɗa kifi da nono a ci, ko da sammu. Duk da haka al'umma ba ta kori kuturu daga cikinta baki ɗaya ba. Ta yi masa gurbi: akwai Sarkin Kutare, kamar yadda ake da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, mai jama'arsa da faɗa-a-jinsa, kuma sadaka da zakka suna kaiwa gare su. Wannan tsari ya hana mutum mutuwa da yunwa, amma bai tsayar da cutar ba, kuma farashinsa shi ne mutum ya amince cewa bara ce sana'arsa har ƙarshen rayuwa. Tsoron wannan makoma ne ke sa mai tabo ya rufe jikinsa da riga ya yi shiru, har sai abin ya kai inda ba ya ɓoyuwa.

Hawa gadon Dabo

Sarki Abbas ya rasu a 1919, sarauta ta tsallake Ciroma ta je ga baffansa Usman. Bayan rasuwar Sarki Usman, aka naɗa Abdullahi Bayero a watan Afrilun 1926, aka ba shi sanda a watan Fabrairun 1927. Shi ne sarki na goma a jerin sarakunan Fulani na Kano, kuma ya hau ne yana da shekara 45, da gogewar sama da shekara 20 ta mulkin karkara.

Ya gaji baitulmalin da ya fi na kowace hukumar En'e a Najeriya kuɗi, saboda yawan masu biyan haraji da albarkar gyaɗa. Ya rarraba ayyukan hukuma ga 'yan majalisarsa, kowa da sashen da yake kula da shi. A farkon mulkinsa aka buɗe Makarantar Midil ta Kano, wadda ta zama Kwalejin Rumfa, da Asibitin Birni, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala. A farkon shekarun 1930 aka jawo ruwan famfo daga Challawa aka kuma kunna wutar lantarki a birni, duk da kuɗin En'e. A 1934 aka kafa makarantar horar da alƙalai wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci, kuma a shekarar ce ya ziyarci Ingila tare da Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Gwandu Usman.

Asibitin Birni ya dace da cutar da ke da farko da ƙarshe: karaya, gwaiwa, ƙurji, haihuwar da ta zo da gardama. A kwantar da mutum, a yi masa aiki, a sallame shi, wani ya hau gadon. Mai kuturta ba ya shiga wannan lissafi. Maganin da ake da shi a lokacin shi ne man chaulmoogra, wanda ake matsowa daga 'ya'yan wata bishiya ta ƙasar Indiya da maƙwabtanta, a yi wa mutum allurarsa a fata da tsoka mako bayan mako, shekara bayan shekara. Allura ce mai raɗaɗi, kuma amfaninta ba shi da tabbas. Babu asibitin da zai riƙe majinyaci ɗaya a gado tsawon wannan lokaci. Abin da likitocin zamanin suka sani shi ne a keɓe wa majinyata gari nasu, da gonaki da rijiyoyi da ɗakin allura.

Shawarar 1937

Hukumar En'e ta Kano ta fara gwada wannan da kanta a Sumaila, kudu da birni. Nan take aka ga inda gizo ke saƙar. Gina ɗakuna abu ne mai sauƙi ga baitulmali irin na Kano. Abin da ya yi wuya shi ne samun likita da ma'aikatan jinya da za su zauna a karkara suna wanke gyambo kullum, ba ranar gamawa. Ga shi kuma karyewar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929 ta karya farashin gyaɗa, gwamnatin mulkin mallaka tana rage ma'aikata.

Waɗanda ke da ma'aikatan da niyyar zama su ne 'yan mishan. Sai dai tun 1903 Lugga ya yi wa sarakuna alƙawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addini ba, kuma a kan wannan alƙawari aka yi kusan shekara 30 ana taƙaita shigar masu wa'azin Kirista cikin masarautun Musulmi. A zamanin Gwamna Donald Cameron, daga 1931 zuwa 1935, aka fara sassauta takunkumin. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda aka kafa a 1893 da burin isa ƙasar Hausa, ta ga ƙofa ta buɗe. Jagoran aikinta na kuturta shi ne Albert Helser, Ba'amurken da ya fara aikin mishan a Garkida, inda aka riga aka kafa irin wannan matsuguni.

A 1937 aka miƙa wa SIM ragamar matsugunan kutare na Kano da Katsina da Sakkwato. Na Katsina shi ne Babbar Ruga, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, na Sakkwato kuma Amanawa. Na Kano ya dawo kusa da birni, ya zauna a Yadakunya, cikin ƙasar da Sarki ya taɓa riƙewa yana Ciroma. Tsarin ya kasance na raba nauyi: En'e ta ba da fili da tallafin kuɗi daga harajin talakawa, mishan ta kawo ma'aikata, ƙungiyoyin agaji na Ingila da Amurka suka taimaka da magani da gudummawa. Aka kuma gindaya sharuɗɗa na taƙaita wa'azi, domin kada jinya ta zama hanyar tilasta wa Musulmi barin addininsa.

Ya kamata a dubi wanda wannan shawara ta faɗo a zamaninsa. Abdullahi Bayero mutum ne da aka shaida da ibada da kusantar malamai. A shekarar 1937 ɗin ce ya tafi aikin Hajji, ya zama Sarkin Kano na farko da ya sauke farali yana kan gado, daga nan laƙabin Sarki Alhaji ya bi shi. A tafiyar ce ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, haɗuwar da ta sauya tarihin ɗariƙar Tijjaniyya a Najeriya. Sarki irin wannan ne aka buɗe wa masu wa'azin wani addini ƙofa a ƙasarsa, kan mutanen da suka fi kowa rauni. Kuma ba a Yadakunya abin ya tsaya ba, domin a 1943 SIM ta buɗe asibitin ido a Kano, wanda har yau yake aiki a hannun cocin ECWA.

Gaskiya ne cewa a ƙarƙashin mulkin mallaka sarki ba ya yanke irin wannan hukunci shi kaɗai, Razdan da Gwamna suna bisa kansa. Amma Turawan sun kasance masu tsananin kaffa-kaffa da duk abin da ya shafi addini a masarautu, kuma ba a kafa tashar mishan a ƙasar sarki mai daraja ta ɗaya sai an nemi yardarsa. Zaɓin da ke gabansa duka biyu masu ɗaci ne: ko a ƙi baƙi a bar marasa lafiya yadda suke, ko a karɓe su da sanin cewa ba jinya kaɗai ta kawo su ba.

Abin da matsuguni ya iya da abin da ya gagare shi

Yadakunya ta ba majinyaci abin da allura kaɗai ba ta bayarwa. Ya samu ɗaki da gonar da zai noma gwargwadon ƙarfinsa, da mai wanke masa rauni, da maƙwabtan da ba sa ƙyamarsa. Masu sauran ƙarfi sun koyi sana'a da karatun boko, wasu ma suka zama masu yin allura da ɗaurin gyambo, suka shiga sahun farko na ƙananan ma'aikatan lafiya 'yan ƙasa a Arewa. Waɗanda suka tsara wurin sun fahimci cewa mai doguwar jinya yana buƙatar abin da zai ci da abin da zai yi, in ba haka ba zai gudu ya bar maganin.

Amma tsarin yana da tsada ta wata fuskar. Shiga matsuguni na nufin barin gida da gandu na shekaru, kuma a ƙasar da kowace taƙi take da mai jiran gado, wanda ya daɗe ba ya nan yana iya dawowa ya tarar an raba gonarsa, aurensa ya mutu. A irin waɗannan matsugunai akan raba jarirai da iyayensu mata masu cutar a rene su a wani gida dabam, don gudun kamuwa. Wasu majinyata da yaran da aka rena a hannun mishan sun karɓi addinin Kirista, abin da ya ƙara wa jama'a zargi, ya sa wasu iyalai suka gwammace su riƙe nasu a gida. Sannan keɓewar kanta ta ƙara tabbatar wa mutane cewa kuturu abin gudu ne.

Babbar matsalar ita ce ta lissafi. Matsuguni yana ɗaukar ɗaruruwa, masu cutar a lardin Kano kuwa dubbai ne, warwatse cikin ƙauyuka. Ko da an gina goma irinsa, mafi yawansu za su rage a waje. Kuma da yake aikin yau da kullum yana hannun baƙi, En'e ba ta tarbiyyantar da nata likitoci da ma'aikatan da za su gaje shi ba. Ta biya kuɗi, wasu suka yi jinyar.

Ƙwayar da ta mayar da jinya gida

Sauyin gaske ya zo ne a shekarun ƙarshe na mulkin Sarki Alhaji. A 1941 aka fara gwada wani magani mai suna Promin a asibitin kutare na Carville da ke Amurka, aka ga yana aiki. A ƙarshen shekarun 1940, a Uzuakoli da ke gabashin Najeriya, Dokta John Lowe ya nuna cewa tushen wannan magani, wato dapsone, ana iya haɗiyarsa a matsayin ƙwaya cikin ƙaramin awo ba tare da ya yi lahani ba. Ƙwaya ce mai arha ƙwarai, ba ta buƙatar allura ko firiji.

Daga farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta fara buɗe wuraren shan magani na mako-mako a ƙauyuka, wani a ɗakin shan magani na En'e, wani a gindin bishiya. Ma'aikaci ya zo da rajista da gwangwanin ƙwayoyi, majinyaci ya haɗiya a gabansa ya koma gonarsa. Cikin 'yan shekaru, waɗanda ke karɓar magani a Arewa suka ninka na matsugunai sau da yawa. Manomi ya samu damar yin jinya ba tare da ya rasa gona da iyali ba.

Sai dai dapsone ita kaɗai sai an sha ta shekaru, wasu har iyakar rai. Tabo yana ɓacewa mutum ya ɗauka ya warke ya daina zuwa, damina ta faɗi layi ya ragu, wani lokaci maganin ne ke yankewa. Wannan sha-ka-bari ya taimaka wa ƙwayar cutar ta fara bijire wa maganin, abin da aka tabbatar a shekarun 1960. Sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna uku, dapsone da rifampicin da clofazimine, wanda shi ma a Uzuakoli aka fara gwada shi kan kuturta. Haɗin yana warkar da cutar cikin wata shida ko wata 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi a duk duniya.

Ƙarshen zamani

Sarki Alhaji bai ga wannan ƙarshen ba. Shekarunsa na ƙarshe sun zo da tsufa da sabuwar siyasa. Babban ɗansa, Ciroma Muhammadu Sanusi, wanda ya gaje shi a hakimcin Bichi, shi ne ya riƙe mafi yawan ragamar En'e. A watan Agustan 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda ta ɗora gwagwarmayarta kan tambayar me talaka ke samu a madadin harajin da yake biya. A farkon shekarun 1950 aka kammala sabon masallacin Juma'a na birni. A watan Mayun 1953 aka yi tarzomar Kano kan batun neman mulkin kai. A watan Disamba na shekarar Allah ya yi wa Sarki rasuwa, yana da shekara 72, bayan shekara 27 a kan gado. Sanusi ya gaje shi, daga baya wani ɗan nasa, Ado Bayero, ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014. Jami'ar Bayero sunansa take ɗauke da shi.

Ladan kuturu

Adalci ga tarihin Abdullahi Bayero shi ne a faɗi ɓangarorin biyu. A zamaninsa ne hukuma a Kano ta fara amincewa cewa mai doguwar jinya yana da haƙƙi a baitulmali, bayan ƙarnonin da aka bar shi ga sadakar masu wucewa. A zamaninsa ne kuma aka aza al'adar miƙa wahalar jinyar ga wasu daga waje, al'adar da ba ta bar mu ba.

Najeriya ta cika ma'aunin kawar da kuturta a matsayin barazana ga lafiyar jama'a a 1998, wato ƙasa da mutum ɗaya cikin 10,000. Amma har yanzu ana samun kimanin mutum 2,000 sabbin kamu duk shekara, da yawansu sai bayan nakasa ta fara suke zuwa asibiti, domin kunyar da aka ce a yar tana nan. A 2024 maganin kyautar ya yanke a ƙasar kusan shekara guda saboda tsaikon ƙa'idojin shigo da magunguna, sai a watan Maris na 2025 ya iso. Duk watan da mai cutar ya yi ba magani, jijiyar da ta mutu ba ta dawowa.

Matsayin da kuturta ta riƙe a zamanin Sarki Alhaji, yau cututtuka da yawa ne suka raba shi: hawan jini, ciwon suga, amosanin jini, farfaɗiya, ciwon ƙoda. Manomin Bichi ko Dambatta ko Minjibir mai hawan jini yana fuskantar abin da mai shan dapsone ya fuskanta: magani na kullum, tafiya mai nisa, kuɗin mota, da jarabar dainawa da zarar jiki ya yi sauƙi. Bambancin shi ne nasa maganin ba kyauta ba ne. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fitowa. Akuya da jinginar gona har yanzu su ne inshorar karkara.

Dokoki kam akwai su. Shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusun kula da lafiya a matakin farko. Kano tana da hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA. Abin da ya rage ga matashin da ke bibiyar siyasa shi ne ya san tambayar da zai yi wa mai neman ƙuri'arsa. Gini yana da ranar buɗewa da hoto da allon suna, shi ya sa 'yan siyasa ke son sa. Tambayar da Yadakunya ta koyar ta wuce gini: shin asibitin mazaɓa yana da ma'aunin hawan jini mai aiki, akwai rajistar masu ciwon suga, akwai wanda ke bin sawun majinyacin da ya daina zuwa, kuma nawa aka saki daga kuɗin maganin da aka rubuta a kasafi?

Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kakannin mutanen Ungogo da Bichi sun biya harajin da aka tallafi Yadakunya da shi, jikokinsu kuma suna biyan nasu a kan kowane kati na waya. Ladan an daɗe da karɓa.

Allah ya jiƙan Sarki Abdullahi Bayero, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.